Kafin ka sayi injin walda mai waya: abin da na koya a gonata ta Kwali

Wani ƙanina da ke sana'a a Fatakwal ya kira ni, ya ce: "Yaya, na tara ɗan abin da na tara, ina so in sayi injin waldan nan mai waya irin naka, wanne zan ɗauka?" Na ce masa wannan ba maganar waya ba ce, bari in rubuta, ko wasu ma sa amfana.

Ni ba injiniya ba ne. Na daɗe ina kasuwanci a Agege kafin in dawo Abuja in kama 'yar gona da kiwon kaji a yankin Kwali. Abin da ya sa na koyi walda shi ne wahala: baro ya karye, ƙofar keji ta ɓalle, ƙafar tankin ruwa ta tsage, sai ka ɗauki mai walda daga Gwagwalada, kuɗin zuwansa ya fi kuɗin aikin. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lissafin ya ƙara lalacewa.

Injina na farko kuwa asara na yi. Na ga wani ɗan kwatano mai kyan gani, da araha, na biya ban karanta jikinsa ba. Ashe na Amurka ne, mai aiki da wuta 120, mu kuma tamu 230 ce. Sai da na nemi tiransifoma, ita ma ba ta iya ɗaukarsa. Ga shi nan a ɗaki har yau. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

To, mene ne injin walda mai waya? Wanda muka saba gani a bakin titi na sanda ne, wato ilektirod: sanda ta ƙare ka tsaya ka sa wata. Shi wannan, waya ce a naɗe a cikin cikinsa, ɗan mota yana turo ta ta cikin tiyo zuwa bindigar da ke hannunka. Ka danna, waya ta fito ta narke ta haɗe ƙarfen. Ya fi sauƙin koyo, kuma ya fi kyau a ƙarfe mara kauri, irin bututun da ake ƙofa da keji da shi, wanda sanda ke yawan hudawa.

Wayar iri biyu ce, kuma nan ne kuɗinka zai tsira ko ya tafi. Ta farko zallar ƙarfe ce, ita ake kira MIG, dole sai da tukunyar gas, ko CO2 ko haɗinsa da agon, don ya kare narkakken ƙarfen daga iska. Aikinta fes, ba ƙura da yawa. Amma tukunya kuɗi ce, cika ta kuɗi ne, kuma a fili iskar hunturu tana kwashe gas ɗin, waldar ta fito da ramuka kamar saƙar zuma. Ta biyu kuwa waya ce mai hoda a cikinta, idan ta ƙone ita ke ba da kariyar, ba ruwanka da gas. Kamfanin Lincoln Electric na Amurka ne ya fito da irinta. Tana hayaƙi, tana tartsatsi, sai ka kankare bayanta, kuma kilonta ya fi na zallar tsada. Duk da haka ga mai gona, ita ce daidai, don aikinmu a waje yake.

Shawarata ta farko: ka nemi injin da ke yin uku, waya mai gas, waya marar gas, da sanda. Dalili? Ranar da wayarka ta ƙare a ƙauye, ilektirod kam ko'ina akwai. Kuma ƙarfe mai kauri da tsatsa, irin na garma, sanda ta fi cin sa.

Na biyu, ƙarfin injin. A ƙiyasin masu sana'ar, kowace milimita ɗaya ta kaurin ƙarfe tana son amfiya kusan 40. Wato ƙarfe mai milimita 3 yana son wajen 120, mai milimita 4 wajen 160. Wanda ya fi haka kauri sai ka fere bakinsa ka bi shi sau biyu ko uku. Don haka injin da ke ba da amfiya 160 zuwa 200 na gaskiya ya ishi gida da gona. Na ce na gaskiya, don wasu ƙananan injinan za ka ga an rubuta 300 ko 400 da manyan baƙaƙe a gaba, ba su kai nan ba. Kada ka kalli gaba, juya ka karanta ɗan allon da ke bayansa ko ƙasansa.

A allon nan akwai wani abu da mutane ba sa kula da shi: lokacin da injin zai iya aiki kafin ya buƙaci hutu. Ana auna shi a kan minti 10. Idan ka ga kashi 60 a amfiya 160, ma'anarsa minti 6 yana walda, minti 4 yana hucewa. Idan kashi 20 ne, minti 2 kawai ke nan. A zafin Abuja na watan Maris, injin mai ƙaramin kaso zai riƙa yanke maka aiki. Ka duba ko an rubuta cewa a zafin digiri 40 aka auna shi, shi ne ma'aunin da ya dace da ƙasarmu.

Na uku, wuta. Mu yi lissafi: amfiya 160 a kan kusan bolt 22 ya ba ka kilowat 3.5 a bakin bindiga. Ka ƙara abin da injin ke ɓatarwa, zai ja wajen kVA 6 daga janareta. Saboda haka ƙaramin janaretan nan na kunna fanka da talabijin, kada ma ka gwada. Nemi mai kVA 7 zuwa 8, ko ka riƙa aiki a ƙaramin amfiya. Ka zaɓi injin zamani mai inbata, ya fi tsohon mai tiransifoma sauƙin ɗauka da rage cin wuta, kuma ka tambaya ko yana jure wutar janareta. Masu layin Band A kuwa, tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin yunit naira 225 kafin a ɗan sassauta, kun san cin wuta ba abin wasa ba ne. Doguwar waya siririya ma tana rage wa injin ƙarfi, ka sa mai kauri.

Na huɗu, kayan gyara. Kan bindiga, wato ɗan jan ƙarfen da waya ke fita ta cikinsa, yana cinyewa kamar sabulu. Kafin ka biya, ka tambayi mai shago ya nuna maka kan da ya dace da shi, da tiyon ciki, da tayar da ke tura waya. Idan ba a samu a Dei-Dei ba, ko a kasuwar kayan aiki ta garin da kake, bar shi komai kyansa. Injin da bindigarsa ke cirewa ya fi wanda aka haɗe ta da jiki. Ka duba kuma ko yana ɗaukar naɗin waya na kilo 5, don na kilo 1 ya fi tsada idan ka lissafa. Waya mai kauri 0.8 ta isa yawancin aikin gida.

Ga wani sirri da ya ba ni wahala mako guda. Waya marar gas, a yawancin irinta, bindiga ake haɗawa a nagatif, maƙalin ƙasa a fozitif. Mai gas kuma akasin haka. Na haɗa a juye, tartsatsi kawai nake gani, har na fara zagin injin. Haka kuma waya mai hoda tana son taya mai haƙora, don mai santsi tana zamewa.

Ku da ke Legas da Fatakwal da Kalaba, ku ƙara da wannan: laimar damina tana sa waya tsatsa, waya mai tsatsa kuma tana toshe tiyo. In ka gama aiki, cire naɗin ka ɗaure a leda.

Ban kawo farashi ba da gangan, don dala ke juya shi. Amma ka raba kuɗinka: kada injin ya cinye duka. Ka bar na hular walda mai gilashi lamba 10 ko sama, safar hannu ta fata, injin gurza ƙarfe, da waya. Tabarau na rana ba ya kare ido, wanda ya taɓa kwana da ciwon idon walda ya sani, kamar an zuba maka yashi. Kada ka yi waldar ƙarfe mai farin rufi, irin bututun ruwa, a rufaffen ɗaki, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Duro ko tankin da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, ko ka ga babu komai a ciki, kada ka kai masa wuta. Abin da rai ya rataya a kansa, irin mahaɗin tirela ko ƙarfen da zai ɗauki tanki a sama, kai wa gwani.

Ranar saye, ka tafi da guntun ƙarfe biyu da wani mai walda da ka yarda da shi. A kunna a gabanka, a haɗa, ka sa guduma ka doka. Mai shagon da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa. Ka karɓi rasit da sharaɗin canji a rubuce.

Ƙanina dai na ce masa ya fara duba janaretansa kafin ya je kasuwa. Allah ya sa albarka a nema.