Iskar Kudu Ba Ita Ce Damina Ba

'Yan'uwa fatake, duk shekara wajen watan Mayu sai ka ji ana cewa iskar kudu ta taso, a kora shanu Butana. To, a yi hattara.

Iska biyu ce ke karo a kanmu. Ta arewa daga hamada take, busasshiya, mai zafi. Ta kudu maso yamma da laima take zuwa, ta fi sanyi da nauyi, sai ta kutsa ƙarƙashin ta arewa kamar bakin gatari. A Turai, inda guguwa ke haɗa iska biyu, galibi mai ɗumin ce ke ɗauke da laima. Mu nan akasin haka ne.

A daidai inda suka haɗu, iskar laimar ba ta da kauri, busasshiyar na danne ta daga sama, hadari ba ya samun tashi. Sai gumi da habub, ƙurar nan mai rufe rana. Ruwan kirki yana can baya, ɗaruruwan kilomita kudu da mahaɗar. Shi ya sa Gallabat, bakin iyakar Habasha, ke jiƙewa Gadarif na jira, Butana kuwa sai Yuli ko Agusta ciyawa ke kamawa.

Wanda ya yi gaggawa zai tarar da hafir a bushe, shanu su rame a hannunsa. Mai ɗauko kaya daga kudu kuma ya gama lodi kafin Yuni ta yi nisa, don baƙar lakar nan in ta sha ruwa, motar da ta sauka daga kwalta sai ta kafe.