Shirwar Ƙarfe Mai Sauka a Bayan Katanga

Dare ne, a wani gidan mai da ke bakin babbar hanya. Sojoji huɗu sun laɓe: ɗaya a bayan wata mota da mai ita ya gudu ya bari, biyu a jikin bangon shago, na huɗun kuwa, maharbin nesa, ya hau rufi. Mai wasan ya ɓata lokaci yana jera su, kowa da abin da zai kare shi daga gabas, inda yake zaton maƙiyi zai ɓullo. Sai aka ji wani gurnani haɗe da ƙugin inji. Wata halitta ta yi sama ta ɓace daga allo, kafin ƙiftawar ido ta diro a bayan maharbin. Katangar da ya jingina da ita tana nan daram, sai dai ta tashi daga aiki, domin mai neman ransa yana ɓangare ɗaya da shi.

Sunan halittar nan Floater, wato mai shawagi. Gidanta wani wasan kwamfuta ne mai suna XCOM: Enemy Unknown, wanda kamfanin Firaxis na jihar Maryland a Amurka ya fitar a watan Oktoban 2012, ƙarƙashin jagorancin Jake Solomon. Kamfanin ne mai wasannin Civilization. Labarin ba shi da sarƙaƙiya: a shekarar 2015 wasu baƙin halittu daga wata duniya sun fara sauka a birane suna sace mutane, sai ƙasashe 16 suka haɗa kuɗi suka kafa rundunar sirri, kai kuma mai wasa aka naɗa ka kwamanda. Uku daga cikin ƙasashen na Afirka ne, Masar da Najeriya da Afirka ta Kudu. Wanda ya zaɓi kafa sansaninsa a Afirka, a Najeriya zai zauna, kuma yakan ga tutar kore da fari da kore a bayan sulken wasu daga cikin sojojinsa.

Ba irin wasan da aka saba gani a gidajen gem ba ne, inda saurin yatsa ke raba gardama. Wannan ya fi kusa da dara. Bi da bi ake yi: ka motsa mutanenka, ka tsaya, kwamfuta ta motsa nata. Kowane soja yana da damar yin abu biyu a zagaye guda, misali ya matsa sannan ya yi harbi, ko ya haɗe damar biyu ya sheƙa da gudu mai nisa. Da sojoji huɗu ake farawa, daga baya su kai shida. Wanda ya mutu kuwa ya mutu ke nan. Akwai wani bango a sansani inda ake rubuta sunayen mamatan, da adadin fitar da kowa ya yi kafin ajalinsa.

Abin da ke raya soja a wannan fili shi ne mafaka, kuma lissafinta a bayyane yake. Sabon soja yana da saitin harbi na kashi 65 cikin 100. Idan wanda zai harba ya laɓe a bayan abu gajere, kamar akwati ko gaban mota, sai a cire 20, ya rage 45. Idan a bayan bango ne ko kututturen babbar bishiya, 40 ake cirewa, ya rage 25 kacal. Amma mafaka fuska ɗaya take karewa. Wanda ya zagayo ta gefe ko ta baya ya soke ta ɗungurungum, kuma ana ƙara masa kashi 50 na yiwuwar harbinsa ya yi mummunar illa. Haka kuma wanda ya fi abokin gabarsa tudu yana samun ƙarin 20 a saitinsa. Dokokin nan suna aiki a kan kowa, mutum da baƙo.

A makonnin farko wasan yana koya maka wannan darasi a hankali. Maƙiyan farko, Sectoid, 'yan ƙanana ne masu manyan kawuna, suna rarrafe daga mafaka zuwa mafaka kamar yadda kake yi. Kana ganin inda suke, kana iya ƙirga takun da za su yi kafin su zagayo ka. Sai mutum ya gina wata ɗabi'a: a tafi a jere, a rungumi bango, a fuskanci gaba. Ɗabi'ar tana biya, har ta zama imani. Daidai lokacin da imanin ya kafu sai a sako Floater.

A ganina nan ne gwanintar masu tsara wasan take. Maƙiyi mai kyau a wasan dabara tambaya ce da ake jefa wa mai wasa, kuma tambayar Floater ita ce: in katanga ta daina amfani fa, me ya rage maka? Yana ɗauke da bindigar plasma mai harbi daga nesa, saboda haka ba ya bukatar ya taɓa ka. Yana tashi sama, ya sami ribar tudu ba tare da ya hau tsani ba, kuma a can saman ya fi wuyar samu, gurneti ma ba ya cika kai masa. Yana iya yi wa soja ruwan wuta don ya hana shi ɗaga kai, saitinsa ya ragu, in ya motsa kuma a harbe shi. Sannan ga babban makaminsa, wannan tsalle da yake yi ya sauka a duk inda ya ga dama a filin. Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san yadda abin yake. Kaza tana iya kare 'ya'yanta daga kare ko muzuru, domin ta san ta inda za su zo. Shirwa kuwa ba ta bin ƙofa.

Da a ce iya nan aka tsaya, da zalunci ne kawai, kuma ba a komawa wasan da ke zalunci. Amma an bar wa Floater raunin da mai hankali zai iya kamawa. Ba shi da ƙwarin jiki, harbi ɗaya ko biyu masu kyau suna kayar da shi. Tsallen nan ba ya yiwuwa a cikin gini mai rufi. Mafi muhimmanci, tsallen yana cinye masa zagayensa: ya sauka a bayanka, amma bai harba ba tukuna, kuma yanzu kai ke da wasa. Sau da yawa inda ya sauka ɗin, kamar yadda ya soke mafakarka, haka shi ma yake a tsirara a gabanka. An ba ka zagaye guda tak, kuma duk abin da ka shirya yi a gaba dole ka ajiye shi ka juyo.

Daga nan mai wasa yake fara canja tunani. Ya daina barin maharbin nesa shi kaɗai a kan rufi kamar maraya. Ya koyi ajiye soja ɗaya ko biyu a matsayin masu gadi, waɗanda ba sa harbi a zagayensu, sai su jira duk maƙiyin da ya gitta a zagayen kwamfuta su buɗe masa wuta. Ya fara tambayar kansa, in aka ɓullo ta baya, bindiga nawa ce za ta iya juyowa? Lissafin ma yana goyon bayan haɗuwa wuri guda. Soja ɗaya mai kashi 65 yana kuskure fiye da sau ɗaya a cikin uku. Amma a ce uku ne suka harbi abu ɗaya, yiwuwar dukansu su kuskure ba ta wuce kashi 4 da ɗoriya ba. Masu wasan XCOM sun shahara da kukan cewa harbin kashi 95 ya kuskure musu, alhali kashi 95 yana nufin ɗaya cikin ashirin zai tafi a banza, kuma wanda ya yi harbi ɗaruruwa dole ya gamu da wannan ɗayan. Floater yana daga cikin masu fara tilasta wa mutum ya tanadi harbi na biyu tun kafin ya saki na farko.

Duk wannan bayanin dokoki ne. Abin da ya sa halittar ta zauna mini a rai shi ne jikinta.

Floater rabin jiki ne. Akwai kai, akwai ƙirji da hannaye biyu masu kauri, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu komai. An dasa masa injinan tashi a baya, wayoyi da bututu sun huda fata sun shige ciki, an rufe bakin da ƙarfe. Yana shawagi yana fizge-fizge da ihu, kuma ihun bai yi kama da kirarin jarumi ba, ya fi kama da na mai jin ciwo. Wanda ya dube shi sau ɗaya ya fahimci abin da zai iya yi ba tare da an rubuta masa ba: ba shi da ƙafa, don haka ƙasa ba ta ɗaure shi ba, injin jirgi ke ɗauke da shi, don haka zai zo da sauri, tsokarsa a waje take, don haka harsashi zai kama shi. Siffar da dokar sun zama abu ɗaya. Kuma siffar tana faɗin wani abu game da iyayen gijinsa. Wani ne ya zauna ya duba halitta mai rai, ya yanke hukuncin cewa ƙafafunta ba su da amfani ga aikin da yake so, ya cire su.

Tunanin ya girmi wasan 2012. Asalinsa wani wasa ne na 1994, UFO: Enemy Unknown, wanda aka sayar a Amurka da sunan X-COM: UFO Defense. Julian Gollop da ɗan'uwansa Nick ne suka yi shi a Ingila, kamfanin MicroProse ya buga. A can ma akwai Floater, yana yawo a iska cikin alkyabba, kuma binciken da ake yi a kansa yana nuna cewa tiyata aka yi masa aka dasa na'urar da ke ɗaga shi. Zanen lokacin bai iya nuna ɗinki da tabo ba. Masu 2012 suka yaye alkyabbar. A ƙarshen wasan nasu, a cikin babban jirgin baƙin, shugaban halittun da ake kira Ethereal yana bin sojojinka da bayani a kan jinsunan da ka yaƙa, yana lissafa su a matsayin gwaje-gwajen da suka gaza. A nan mutum yake gane cewa waɗanda ya shafe watanni yana kashewa bayi ne. Shi ma XCOM 2 na 2016, inda baƙin suka ci yaƙi suke mulkin duniya, ya dawo da irin wannan jiki da sunan Archon, an goge shi, an yi masa ado da ruwan zinariya don talakawa su gan shi su yi sha'awa. Har yanzu dai ba shi da ƙafa.

Wasan bai bar mai wasa ya tsaya gefe yana tir ba, kuma wannan ne abin da na fi girmamawa a cikinsa. Bayan kowace arangama ana kwaso gawarwaki a kai sansani. Dakta Vahlen, shugabar masu bincike, tana feɗe su. Daga gawar Floater ake samo ilimin haɗa wata na'ura mai taimaka wa jiragen yaƙinka su kauce wa harbi, kuma duk lokacin da za a ƙera ta sai an ba da wasu gawarwakin. Ragowar ana iya sayar da su a wata kasuwar bayan fage don a cike giɓin kuɗi. A hankali sai kwamanda ya tsinci kansa yana ƙirga gawa kamar mai ƙirga buhuna a rumbu.

A watan Nuwamban 2013 aka fitar da ƙarin wasan mai suna Enemy Within, inda aka ƙara matse wuyan. An kawo wani sinadari na baƙin mai suna Meld, wanda ke haɗa tsoka da ƙarfe. Ana samunsa a filin daga a cikin wasu tukwane masu agogo, in ka yi jinkiri su lalace, saboda haka mai tafiyar hawainiya daga bango zuwa bango dole ya ɗaga ƙafa. Da wannan sinadari kana iya mayar da sojanka abin da ake kira MEC, wani ƙaton sulke mai tafiya, ɗauke da bindigar da mutum ba zai iya ɗagawa ba, wani da na'urar feshin wuta, wani da dunƙulen ƙarfe mai wurgi da maƙiyi ta cikin bango. Ƙarfinsa ba ƙarya ba ne, yana iya ceto runduna a ranar da komai ya dagule. Sharaɗin shi ne a yanke wa sojan hannaye biyu da ƙafafu biyu.

Sojan nan ba baƙo ba ne a wurinka. Wataƙila kai ka raɗa masa suna, da yawa ma sunan aboki ko ɗan'uwa suke sawa. Wataƙila shi ne maharbin da ya tsira a kan rufin gidan man nan, saboda wani ya juyo a kan lokaci. Ka danna amincewa, a shiga da shi ɗakin tiyata. Bayan 'yan kwanaki ya fito da gaɓoɓin ƙarfe, muryarsa ta koma irin ta na'ura. In an sauke shi a filin daga cikin sulkensa, dokar wasan ba ta ba shi damar laɓewa a bayan komai, don ya yi wa kowace katanga girma. Sai ya wuce gaban sauran, ya tsaya a fili, inda kowa ke ganinsa.