Tafkin Cadi da Sha'anin Rabon Arziki Tsakanin Maƙwabta

Arzikin da Allah ya shimfiɗa a ƙasa iri biyu ne. Akwai wanda yake zaune wuri ɗaya, kamar kuza a Jos ko kwal a Inugu, akwai kuma wanda yake tafiya, watau ruwa da kifi da ciyawar kiwo. Na biyun ya fi haddasa husuma, domin bai san iyaka ba. A ƙasashe masu tasowa abin ya fi tsanani, saboda yawancin jama'a da shi suke ci kai tsaye, ga shi kuma iyakokin Turawa ne suka shata su a kan takarda, ba tare da duban hanyar ruwa ko ta garke ba. Tafkin Cadi, inda Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru suka yi mahaɗa, ya isa misali.

Tafkin ba shi da zurfi, ba shi kuma da mafita zuwa teku. Wajen kashi tara cikin goma na ruwan da ke shiga cikinsa daga kogin Shari da reshensa Lagon yake zuwa. Abin da Komadugu Yobe ke kawowa kaɗan ne. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000. Da aka yi farin 1973 sai ya rabu biyu, ɓangaren arewa da na kudu, sa'an nan farin 1984 ya busar da na arewan. Daga baya ruwa ya ɗan komo. Masu cewa tafkin ya kusa ƙarewa sukan gwada shekarar cikarsa ne da shekarar ƙafewarsa. Ainihin ɗabi'arsa ita ce gaba da baya, kuma a nan wuyar sha'anin take.

Fili ɗaya yakan zama wurin su in ruwa ya cika, gonar masara da wake in ya janye, makiyaya kuma bayan girbi. Buduma da Barebari da Kanembu da Larabawan Shuwa da Fulani da Hausawa duk a kan wannan fili suke karɓa-karɓa. A bisa al'ada bulama ko lawani shi ke ba baƙo wurin noma ko na kamun kifi, ya karɓi ɗan abin gaisuwa, ya kuma raba gardama in shanu sun yi ɓarna. Tsarin ya yi aiki muddin kowa ya san wanda ke da ikon wurin. Amma da fari ya koro dubban mutane zuwa bakin tafki, ruwa kuma ya ja baya, masunta suka bi shi suna kafa ƙauyuka a inda da can tsakiyar ruwa ne, sai tambaya ta taso wadda ta fi ƙarfin bulama: wannan sabon tudu na wace ƙasa ne?

Ba za a ce shugabanni ba su yi hange ba. Ran 22 ga Mayu 1964, a Fort-Lamy, wadda aka sake wa suna Njamena a 1973, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani da Ahmadu Ahidjo da Tombalbaye suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. Cikin sharuɗɗanta har da cewa kada wata ƙasa ta tayar da aikin da zai taɓa yawan ruwa sai ta shawarci sauran. Sharaɗi ne mai kyau, sai dai hukumar ba ta da ikon tilasta kowa. Nijeriya ta gama madatsar Tiga a 1974, Kamaru ta gama ta Maga a gefen Lagon a 1979 domin noman shinkafa, ambaliyar da ke shayar da fadamun ƙasa ta ragu, masunta da makiyaya suka kwana ciki. A 1979 ɗin ne kuma aka buɗe babban aikin noman rani na Kudancin Cadi a yankin Marte, wanda aka tsara zai shayar da fiye da hekta 60,000 da ruwan tafki. Ba a jima ba ruwa ya janye ya bar bakin magudana a bushe. Kowace ƙasa ta yi lissafinta ita kaɗai, a kan ruwan da ba nata kaɗai ba.

A 1983 aka zub da jini. Sojojin Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan tsibiran da suka ɓullo bayan janyewar ruwa. Sai bayan haka ƙasashen suka ɗora wa hukumar aikin tantance iyaka cikin tafki, aka kafa alamu tsakanin 1988 da 1990. Duk da haka rigimar Darak ba ta mutu ba. Masuntan Nijeriya sun bi ruwa har cikin yankin Kamaru, hukumomin ƙasarsu kuma suka bi sawunsu da 'yan sanda da makarantu. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, aka yanke hukunci ran 10 ga Oktoba 2002, a Disamba 2003 Nijeriya ta miƙa ƙauyuka wajen talatin ba tare da an harba bindiga ba. Wannan abin yabo ne. Amma kotu ta faɗi mai ƙasa ne kurum. Ba ta faɗi wa zai jefa koma a ina ba, ko sau nawa za a karɓi haraji a kan kwandon banda ɗaya kafin ya isa kasuwar Baga. Irin waɗannan ƙananan tambayoyi su ne ke sa talaka ya zare wuƙa.

Sai a 2012 ƙasashen suka amince da kundin ƙa'idojin ruwa na tafkin, shekara 48 bayan kafa hukumar. Kafin nan Boko Haram ta riga ta kunno kai. Bayan harin Baga na Janairu 2015 aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa ƙarƙashin inuwar hukumar, aka kwashe mutane daga tsibirai, a wasu wurare kuma aka hana kamun kifi da fataucinsa domin a toshe wa mayaƙa hanyar kuɗi. Inda hukuma ta janye, sai masu bindiga suka shiga karɓar harajin kifi da na kiwo, har da yanke shari'a tsakanin manomi da makiyayi, watau aikin bulama ya koma hannunsu. Ita ma rundunar ba ta tsira daga saɓanin siyasa ba, don Nijar ta sanar da ficewa daga cikinta a Maris 2025.

Akwai hanyoyi biyu na gyara da suka cancanci a gwada su da juna. Ta farko ita ce shirin janyo ruwa daga rassan kogin Kwango ta doguwar magudana, wanda taron Abuja na 2018 ya goyi bayansa. Kuɗinsa ya kai biliyoyin daloli, 'yan siyasar Kinshasa da dama kuma sun nuna ba su yarda ba, domin su ma ba a shawarce su yadda ya kamata ba. Ta biyu ƙarama ce. A 1994 aka buɗe wata mashigar ruwa da gancin Lagon ya toshe, bayan an zauna da masunta da makiyaya da manoman shinkafa na yankin Waza. Ambaliya ta sake malale wani sashe na fadamar, ciyawa mai daɗewa ta fara tsirowa, kifi ya ƙaru, garkunan da suka ƙaurace suka soma komowa da rani.