Yarinya zabiya da Gizo: littattafan almara da suka ci kyauta

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san wannan: yaron da ke hamma in an buɗe littafin karatu, shi ne zai yi tsit in aka fara labarin aljanu. Marubutan duniya sun gane haka, har akwai kyaututtuka da ake ba littattafan almara na yara da matasa, kuma 'yan Afirka na cin su.

Ga Nnedi Okorafor, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka a 1974. Littafinta Zahrah the Windseeker ya ci kyautar Wole Soyinka a 2008. A 2011 ta fitar da Akata Witch, labarin Sunny, yarinya zabiya mai shekara 12 da ke zaune a Najeriya. 'Yan makaranta na yi mata dariya saboda fatarta, sai daga baya ta gano tana da wata baiwa. Ci gaban labarin, Akata Warrior, ya ci kyautar Lodestar a 2018. Ka ba yaron da ake tsokana a unguwa wannan littafi, ka ga yadda zai riƙe shi.

Sai Tomi Adeyemi, wadda ta gina Children of Blood and Bone a kan al'adun Yarbawa a 2018, ta ci kyautar Andre Norton. Shi kuwa Kwame Mbalia, a littafinsa na 2019 mai suna Tristan Strong Punches a Hole in the Sky, Ananse na Akan ya jawo ciki, wato ɗan'uwan Gizonmu, kuma littafin ya samu yabon Coretta Scott King a 2020.

To, iyaye kan ce: malam, ba sihiri ne a ciki ba? Tambaya ce mai kyau. Wasu littattafan akwai bokaye da iskoki, na Adeyemi kuma akwai kashe-kashe, don haka bai dace da ɗan firamare ba. Amma mu tuna, Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da ya yi fice a gasar Zariya ta 1933, shi ma aljanu ne birjik a ciki, kuma ba mu ji ya ɓata aƙidar kowa ba. Yaro ya san tatsuniya tatsuniya ce, in dai akwai babba kusa da zai tambaya.

Shawara dai ita ce, uwa ko uba ko yaya ya fara leƙa littafin, sannan a miƙa wa yaro. Da dare a ce ya ba da labarin da Hausa, kamar yadda kaka ke yi. Turancinsa zai ƙaru, Hausarsa ba za ta gudu ba, wayar salula kuma ta huta ko da na awa ɗaya ne.