Hasken rana da girman shuka

Ƴan'uwa manoma, kowa ya san shuka tana bukatar ruwa da taki. Akwai abu na uku wanda ba a saye a kasuwa, shi ne hasken rana.

Ganye shi ne madafar shuka. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa. Ganye yana shaƙar iska ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Koren da ke cikin ganye yana kama haske, ya haɗa ruwan da iskar, ya mai da su sukari. Da wannan sukari ne kara yake tsawo, zangarniya take cika. Haske shi ne wutar wannan girki.

Idan haske ya yi kaɗan, girkin yana tafiya a hankali. Idan haske ya ƙaru, girkin yana sauri. Da dare kuwa yana tsayawa. Ku gwada da kanku: ku kifa ƙwarya bisa ciyawa, ku buɗe bayan kwana 7. Za ku tarar ta koɗe, ta yi laushi.

Amma saurin yana da iyaka. Ganyen wake yana ƙoshi da haske matsakaici, ƙari ba ya ƙara masa komai. Hatsi da dawa da masara sun fi shi cin rana. Kuma idan ƙasa ta bushe, ganye yana rufe ƙofofinsa don tsimin ruwa, girkin ya ragu ko da rana tana tsaka.

Ga abin da ya kamata mu yi a gona:

1. Mu bar tazarar metir 1 tsakanin ramukan hatsi.
2. Mu yi cira kwana 15 zuwa 20 bayan tsirowa, mu bar kara 3 a kowane rami. Idan sun yi yawa, suna yi wa juna inuwa, su tashi sirara.
3. Mu yi noma da wuri, kafin haki ya rufe shuka.
4. Mu rage rassan itatuwan gona, kada mu sare su daga tushe.

Mu kula da gawo ƙwarai. Shi da damana yake zubar da ganye, haske ya isa ga hatsin da ke ƙarƙashinsa, ganyen kuma ya zama taki.

Wanda ya ji ƙyashin cira, da kaka zai sami kara mai yawa, amma rumbu ba zai cika ba.