Gwajin Garin Zogale da Sauran Kayan Gina Jiki: Abin da Ɗan Kasuwa Ya Kamata Ya Sani

MINNA – A shagunan Barkin Sale, kamar sauran unguwannin Minna, garin zogale da man habbatus-sauda da zuma mai haɗi da kafso-kafso na ƙarin jini sun zama haja mai tafiya. Jarin kafa sana'ar ba shi da yawa: injin niƙa, robobi da takardar liƙawa. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗakin gwaje-gwaje, domin a can ake sanin ko abin da ke cikin roba ya cancanci shiga cikin mutum.

Alhakin wannan bincike yana wuyan Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, NAFDAC, wadda aka kafa da Dokar Soja mai lamba 15 ta 1993, shekaru uku bayan gurɓataccen ruwan maganin farasitamol ya kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. Wanda ya nemi lambar hukumar, sai an duba wurin da yake haɗa kayan, sannan a kai samfur ɗakunan gwajinta, irin na Kaduna da na Oshodi da Yaba a Legas.

Da farko masana kan auna laimar garin, saboda laima ce ke kiran funfuna, ita kuwa funfuna takan haifar da gubar afalatoksin mai jawo sankarar hanta. Wannan guba ba ta da wari, tafasawa ba ta kashe ta, kuma gyaɗa da masara da ake zubawa a garin kunun yara sun fi saurin kamuwa da ita. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da ta ɗauke fiye da mikrogiram 4 na gubar a kilo guda, watau kashi 4 cikin biliyan. Mutanen Minna sun yi dace a nan, don kuwa a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke garin akwai cibiyar nazarin gubar funfuna da lafiyar abinci, wadda ta samu tallafin Bankin Duniya.

Sai kuma ƙarafa masu guba, musamman dalma da zaiba. Akan narkar da samfur cikin asid, na'ura ta auna abin da ya ɗauke. Jihar Neja ta san illar dalma: a 2015 ta kashe yara 28 a ƙauyukan ƙaramar hukumar Rafi, inda ake haƙar zinari. Ganyen da ya tsiro a irin wannan ƙasa, ko aka shanya shi inda ƙurar ma'adinai ke sauka, yana iya ɗauko ta, ido kuwa ba zai gani ba.

Akwai kuma algus. Gwaji ya sha gano sinadarin sildenafil a cikin abin da aka sayar da sunan maganin gargajiya na ƙarfin maza, abin da ke da haɗari ga mai shan wasu magungunan ciwon zuciya. Dillalin da ya saro bai san da shi ba, amma a shagonsa za a kama kayan.

Ya kamata mai saye da sayarwa ya lura cewa lambar da ta ƙare da harafin "L" shaida ce cewa an gwada maganin gargajiyar ba a ga cutarwa ba, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a jikinsa ba.

Ga masu hangen kasuwannin waje kuwa, abin da ya sami wake ya isa misali. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen waken Nijeriya saboda ragowar maganin ƙwari na dichlorvos, hukuncin da ya haɗa har da 'yan kasuwar da ba su taɓa fesa shi a buhunansu ba.