Su da Kwale-kwale a Kogin Jama'are

Ya kai masunci, idan ruwan ambaliya ya fara janyewa daga fadamun Katagum bayan Satumba, tarwaɗa da karfasa sukan komo cikin Kogin Jama'are. Ka fita da la'asar, in rana ta yi sanyi, ka jefa birgi a gefen ciyawa inda kifi ke kiwo. Sai dai ka kula, dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta hana raga mai ido ƙasa da inci 3, ta kuma haramta guba da nakiya. Ƙaramin kifin da ka mayar ruwa bana, shi zai yi ƙwai baɗi. Kada ka cika wa kwale-kwale kaya, ka kuma dawo kafin magariba. Abin da ka kama, ka cire kayan cikinsa, ka yi bandarsa a daren, don kada ya ruɓe kafin kasuwar Azare.